Yadda Ake Gyara Kwamfutar Kallo Idan Fim Ya Ƙi Tafiya Bayan An Sabunta Windows

Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kwamfutocin da ke jone da talabijin a faluka da gidajen kallo na Zariya suke ta komawa Windows 11. Wasu masu su ne suka danna da kansu, wasu kuma a shagunan gyara na PZ ko Samaru aka ɗora musu. Ƙorafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: ga hoto babu murya, ko ga murya amma allo baƙi ƙirin, ko fim na tafiya yana tuntuɓe, ko kiɗa na tashi amma ba a jin abin da 'yan wasa ke faɗa.

Da wuya a ce wani abu ya ƙone. Sabuntawa abu huɗu take taɓawa: direban hoto (ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin hoto), kodek (mai warware matsin fim), manhajar da ke buɗe fim, da saitin sauti da na allo waɗanda aka daidaita tun da daɗewa har an manta an taɓa yi. Shi ya sa "a yi mata fomat" ba magani ba ne a nan. Fomat ba ya dawo da ko ɗaya cikin huɗun, ɗan abin da ya rage ma sharewa yake yi. Aikin shi ne a gano wanne ya sauya, a gyara shi kaɗai.

Kafin ka taɓa komai

Idan a kan tsohuwar Windows aka ɗora sabuwar, kana da kwana 10 da za ka iya komawa baya. Tsohuwar tana ajiye a cikin foldar Windows.old a diskin C. Kada ka goge ta don neman fili, kada kuma ka bar Disk Cleanup ya share ta. In kana son ƙarin lokaci, danna Win da X, ka buɗe Terminal mai izinin Admin, ka rubuta:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Wannan zai mayar da wa'adin kwana 60, amma sai an yi shi kafin kwana 10 ɗin su cika. Idan kuwa mai gyara da filashi ya share komai ya sa sabuwa, babu Windows.old, babu komawa ta wannan hanya.

Sai ka danna Win da R, ka rubuta winver, ka rubuta abin da ya fito a takarda: 23H2 ce, 24H2 ce, ko wadda ta biyo bayanta, sannan ko akwai harafin N a ƙarshen sunan, kamar Pro N. Za mu dawo kansu.

Ka ware fina-finai uku na gwaji waɗanda ka tabbata sun yi lafiya kafin sabuntawa: ƙaramin MP4 irin wanda ake turawa a waya, babban MKV, da kuma wanda ke da sautin 5.1, wato na sifika shida. Ka kwafe su cikin kwamfutar, kada ka gwada daga filashi. Bayan kowane gyara ɗaya, ka kunna su. Wanda ya sauya saiti biyar a lokaci guda, ko fim ya dawo ba zai san abin da ya gyara ba, in ya ƙara lalacewa kuma ba zai san inda zai koma ba.

Ka kuma ba kwamfutar lokaci. A awannin farko Windows tana ta jera fayiloli, tana sauke ragowar sabuntawa. Danna Ctrl, Shift da Esc, ka duba layin Disk da CPU. In Disk ya tsaya a 100, musamman a kwamfutar da ba ta da SSD, bar ta a kunne ta gama kafin ka yanke hukunci.

Mataki na farko: direban hoto

A nan yawancin matsalar take, don haka a nan za a fara ko da ƙorafin na murya ne, domin muryar da ke bi ta HDMI tana zuwa ne tare da direban hoto.

Danna Win da X, zaɓi Device Manager, buɗe Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, ka gano ɓarawon. Wannan direban rikon ƙwarya ne: yana nuna hoto, amma ba ya aika murya ta HDMI, ba ya barin katin hoto ya ɗauki nauyin fim, sau da yawa ma ba ya ganin talabijin a matsayin allo na biyu. Don sanin katin da ke ciki, danna masa maɓallin dama na maus, Properties, Details, zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 Intel ne, VEN_10DE Nvidia, VEN_1002 kuma AMD.

Idan kwamfutar HP ce ko Dell ko Lenovo, fara da shafin kamfanin, ka sa lambar da ke jikin sitikar injin. In babu na Windows 11, na Windows 10 mai 64-bit yawanci yana aiki. In babu ko ɗaya, sai shafin Intel, Nvidia ko AMD. Girman fayil ɗin yana kamawa daga megabayit 200 zuwa kusan gigabayit 1, don haka ka tanadi data, ka kuma ajiye kwafinsa a filashi. Ka guji manhajojin da ke cewa za su sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya. Suna yawan ɗora wanda bai dace ba, ga tarkacen talla.

Wajen sakawa, Nvidia tana da Custom sannan Perform a clean installation, AMD tana da Factory Reset. Yi amfani da su. In tsohon direba ya cakuɗe da sabo har sakawar tana ƙin gamawa, shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abin da ya zama dole kaɗai, cire intanet, share direban da manhajar Display Driver Uninstaller, sake kunnawa, saka direban da ka sauke, sannan ka mayar da intanet. In ka bar intanet a jone, Windows za ta riga ka ta sa nata.

Akwai kuma akasin haka: direba yana nan da sunansa, amma sabo ne kuma shi ne ya kawo cikas. A Properties, ƙarƙashin Driver, duba kwanan watansa. In Roll Back Driver yana dannuwa, danna. Don kada Windows Update ta sake maye gurbinsa, a bugun Pro buɗe gpedit.msc, bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update, ka nemi Do not include drivers with Windows Updates ka kunna. A bugun Home kana iya dakatar da sabuntawa, iyakarsa mako 5.

Wata gaskiya da masu tokumbo ya kamata su sani: Windows 11 a hukumance daga furosesar Intel ƙarni na 8 take farawa, da Ryzen 2000 ta AMD. A sunan furosesar Intel, lambar farko bayan layi ita ce ƙarnin, wato i5-4570 na 4 ne, i5-6500 na 6, i5-8500 na 8; daga ƙarni na 10 kuwa lambobi biyun farko ne. Ana tsallake sharaɗin a ɗora ta a kan tsofaffi, kuma na ƙarni na 4 zuwa na 7 suna tafiya da direban Windows 10. Amma Intel HD 3000 na ƙarni na 2 ko a Windows 10 ma Intel ba ta fitar masa da direba ba. Irin wannan injin, kada ka ɓata data a kansa, duba sashen ƙarshe.

Bayan saka direba, ka zaɓi Restart, ba Shut down ba. Saboda Fast Startup, saitin da ke sa Windows tashi da sauri, kashewa ba ta sauke direbobi gaba ɗaya. A kwamfutar kallo gara ma a kashe shi: Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, Change settings that are currently unavailable, cire alamar Turn on fast startup. Yana cikin abubuwan da ke sa talabijin ta nuna No Signal da safe bayan ta yi aiki da daddare.

Mataki na biyu: kodek da manhajar kallo

MKV da MP4 mazubi ne kawai, kamar kular abinci: ganin kula ba ya gaya maka tuwo ne a ciki ko shinkafa. Abin da ke ciki shi ne hoton da aka matse da H.264 ko HEVC ko AV1, da muryar da aka matse da AAC ko AC-3 ko DTS. Kodek shi ke warware matsin. Shi ya sa MKV ɗaya zai yi, wani ya ƙi.

Gwajin nan mai sauƙi ne. Buɗe fim ɗin da ya ƙi a cikin manhajar kallo ta VLC. VLC da nata kodek take zuwa, ba ta dogara da na Windows. In ya yi a VLC ya ƙi a Media Player ko Movies & TV, to kodek ɗin Windows ne ya ɓace, kuma lambar kuskuren da aka fi gani ita ce 0xc00d5212. Kana cikin VLC danna Ctrl da J, za ta nuna maka nau'in hoton, girmansa, yawan hotuna a daƙiƙa, da nau'in muryar. Rubuta su.

Idan HEVC ne, wanda ake kira H.265 ko x265 a sunan fayil, Windows ba ta zuwa da shi kyauta. HEVC Video Extensions a Microsoft Store senti 99 ne na dalar Amurka, kuma ba kowane katin banki ne ke wucewa ba. Kafin ka nemi biya, duba Library a cikin Store, domin wasu injina kamfaninsu ya riga ya biya musu. Na AV1, VP9 da MPEG-2 kyauta ne. MPEG-2 shi ne na DVD da yawancin abin da aka naɗa daga tsofaffin dikoda.

Idan hoto yana tafiya murya ce babu, kuma VLC ta nuna A52 ko AC-3, to ga inda 24H2 ta shigo. Daga wannan bugu Microsoft ta daina haɗa kodek ɗin AC-3, wato Dolby Digital, a cikin Windows. Wanda ya sabunta a kan tsohuwa nasa yana nan, wanda aka share wa aka sa sabuwa shi ne ke rasa shi. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada a yi gaggawar fomat.

In kuma winver ya nuna N, bugun Turai ne da aka cire wa kayan kallo da saurare, kuma yakan biyo injinan da aka shigo da su daga can. A Settings nemi Optional features, View features, saka Media Feature Pack, sake kunnawa.

Ra'ayinmu dai, kwamfutar da aikinta kallo ne ba ta da dalilin dogara da Media Player. VLC ta wadatar ga yawancin mutane. MPC-HC, wadda ke ɗauke da LAV Filters a cikinta, ta fi sauƙi a kan tsohon inji. Kodi ta fi dacewa da rimot da babban allo, kuma ita ce ta maye gurbin Windows Media Center ga wanda ya taso daga Windows 7, tunda an cire shi tun fitowar Windows 10 a 2015. Abin da ba a yi shi ne tara kunshin kodek biyu ko uku a kan juna. Rigima suke yi wajen wanda zai buɗe fayil. In akwai tsofaffi, cire su duka.

Sabuntawa takan mayar da buɗe fina-finai hannun manhajar Microsoft. Danna fim da maɓallin dama, Open with, Choose another app, zaɓi taka, danna Always. Sai ka yi wa kowane nau'i daban: mkv, mp4, avi, ts. In VLC ɗin kanta ce ke yin abin da ba ta saba ba, Tools, Preferences, Reset Preferences, sannan a sauke sabon bugu.

Mataki na uku: murya

Fara da waya. VGA ba ta ɗaukar murya ko kaɗan. Injinan ofis irin su OptiPlex da ThinkCentre da yawa DisplayPort gare su, kuma adaftar DisplayPort zuwa HDMI tana wuce murya. Kunna talabijin da amfilifaya tukuna, sannan kwamfuta, domin a lokacin tashi ne take tambayar talabijin abin da za ta iya karɓa.

Win da R, rubuta mmsys.cpl. A Playback, danna wurin da babu komai da maɓallin dama, kunna Show Disabled Devices. Nemi sunan talabijin ko amfilifaya, Enable in a kashe yake, sannan Set Default. In sunan bai fito ba sam, koma mataki na farko. In ya fito kuma Windows tana ƙara amma fim shiru, buɗe Volume mixer a Settings, ka duba ko an tura manhajar kallon zuwa wata sifika daban.

Matsalar da ta fi rikita mutane ita ce a ji kiɗa da ƙarar harbi ras, amma magana ta nutse. A sautin 5.1 magana a sifikar tsakiya take. In Windows ta ɗauka kana da sifika shida alhali biyu gare ka, tana aika maganar zuwa sifikar da babu ita. Zaɓi na'urar a mmsys.cpl, danna Configure, zaɓi Stereo. A Kodi, Settings, System, Audio, mayar da Number of channels 2.0. Mai sifika shida na gaske ya zaɓi 5.1, ya danna Test, ya saurara ko kowace ta yi ƙara a gurbinta.

Mai amfilifayar da ke rubuta Dolby ko DTS a fuskarta, in ya ga yanzu PCM ko Stereo kawai take nunawa, to aika sauti ba tare da an warware shi ba ne ya tsaya. Gyaransa wuri biyu ne. A Windows: Properties, Advanced, sa alama a Allow applications to take exclusive control da wanda ke ƙarƙashinsa, zaɓi 48000 Hz, kashe Audio enhancements, kashe Spatial sound. A manhaja: a VLC kunna HDMI/SPDIF audio passthrough a sashen Audio, a Kodi ɗaga matakin saiti zuwa Expert, zaɓi na'urar da sunanta ya fara da WASAPI maimakon DirectSound, kunna Allow passthrough, ka sa alama ga nau'o'in da amfilifayarka ta sani kaɗai.

Kalmar "kaɗai" ɗin nan tana da muhimmanci ga sifikunka. In ka aika DTS ga na'urar da ba ta san shi ba, ko dai shiru, ko wata irin ƙara mai shuuu da ƙarfi. Talabijin ɗin Samsung daga samfurin 2018 ba sa karɓar DTS. Wayar optikal iyakarta sifika biyu na PCM, Dolby Digital da DTS. TrueHD da DTS-HD sai HDMI kai tsaye zuwa amfilifaya, ko eARC, wato ramin HDMI na talabijin da ke mayar da murya zuwa amfilifaya. Rage ƙara kafin kowane gwaji.

In baki da murya ba su daidaita ba, a VLC maɓallan J da K suna matsar da murya da milidaƙiƙa 50 kowace dannawa, G da H kuma na rubutun fassara ne. Amma gwada fim na biyu tukuna. Fina-finan da aka ɗora wa muryar Hausa wani lokaci daga wajen haɗawa suka taho da gocewar, ba laifin kwamfuta ba ne. In duk fina-finai ne, cire sifikar Bluetooth, sannan ka sa talabijin a Game Mode ko PC don ta rage sarrafa hoton da ke jinkirta shi.

Mataki na huɗu: hoton ya fito amma ba yadda yake ba

Danna Win da P, zaɓi Second screen only. Duplicate yana tilasta wa talabijin bin iyakar allon laftof.

Idan hoto yana ɗan karkarwa lokacin da kyamara ke juyawa a hankali, duba lissafi. Yawancin fina-finan Amurka da na Indiya hotuna 23.976 ko 24 ne a daƙiƙa. Windows takan mayar da allo 60 Hz. Tunda 24 ba ta shiga 60 daidai, sai a nuna hoto ɗaya sau uku, na gaba sau biyu, ido kuma yana ganin wannan ɗingishin. Abin da aka yi a tsarin PAL, wanda Najeriya ke bi, hotuna 25 ne, kuma 50 Hz yake so. Je Settings, System, Display, Advanced display, ka zaɓi 23.98 ko 24 ga na farko, 50 ga na biyu, 60 ga bidiyon waya mai 30. Sauyawa da hannu kullum gajiya ce, Kodi tana yi da kanta: Settings, Player, Videos, Adjust display refresh rate, On start/stop. Kada ka haɗa da Sync playback to display in kana aika Dolby zuwa amfilifaya, domin yana kashe passthrough ɗin.

In gefen allo ya yanke har ba a ganin layin ƙasa na Windows, daga talabijin ake gyarawa: Just Scan a LG, Fit to Screen a Samsung, Full Pixel a Sony. Matse hoton daga kwamfuta yana sa rubutu ya dushe.

In baƙi ya koma toka-toka, ko kuma wuraren duhu sun cushe ba a ganin komai, kwamfuta da talabijin ne suka saɓa. Ɗaya tana lissafi daga 0 zuwa 255, ɗayar daga 16 zuwa 235. Sabon direba yakan sauya wannan ba da sanarwa ba. A Nvidia Control Panel, Change resolution, Output dynamic range. A Intel Graphics Command Center, Quantization Range. A AMD, Pixel Format. A talabijin kuma Black Level ne. Full ya tafi da High ko Normal, Limited ya tafi da Low. Ko wanne ka zaɓa, su dai zama ɗaya.

In launi duka ya koɗe, wataƙila HDR, wato tsarin ƙara haske da launin hoto, ce ta kunnu. Win, Alt da B suna kunna ta suna kashe ta. Talabijin masu araha da yawa suna karɓar HDR amma ba su da hasken nuna ta, a kashe sun fi kyau. Mai son ta sai ya buɗe wa ramin HDMI ɗin cikakken ƙarfinsa: HDMI Ultra HD Deep Colour a LG, Input Signal Plus a Samsung. Duba Night light ma, in hoto ya yi ja-ja da daddare.

Game da 4K: HDMI 1.4 iyakarta 30 Hz, kuma ita ce a yawancin injinan ofis masu Intel ƙarni na 10 zuwa ƙasa. Ko ka bar allo a 1920 x 1080 a 60 Hz, ko 4K a 24 Hz don fim kawai.

Mataki na biyar: har yanzu yana tuntuɓe

Kunna fim, buɗe Task Manager, Performance, GPU, kalli akwatin Video Decode. In yana motsi kuma CPU na ƙasa, katin hoto yana aikinsa. In yana kwance a sifili CPU kuma ta haura 90, furosesa ce ke dakon aikin. A VLC, Tools, Preferences, Input / Codecs, mayar da Hardware-accelerated decoding zuwa Direct3D11. In hoto ya zama kore ko ya farfashe, gwada DXVA 2.0, in ya ƙi sai Disable. In allo baƙi ne da murya, sauya Output a sashen Video tsakanin Direct3D11, Direct3D9 da OpenGL, kana rufe VLC kana buɗewa bayan kowanne.

Akwai iyakar da saiti ba ya tsallakewa. Intel ƙarni na 6 ne ya fara warware HEVC mai 8-bit gaba ɗaya da kansa, na 7 ya ƙara da 10-bit, AV1 kuma sai ƙarni na 11, ko Nvidia RTX 30. Inji na ƙarni na 4 zai iya jan HEVC mai 1080p da ƙarfin furosesa, amma 4K mai 10-bit ya fi ƙarfinsa a kowace Windows. In wajen masu tura fim kake karɓa, ce musu x264 kake so.

Laftof kuma, da an ɗauke wuta ta koma batir, Windows tana rage mata gudu. A Settings, Power & battery, mayar da Power mode zuwa Best performance; a Apps, Video playback, zaɓi Optimize for video quality.

Idan fim yana farawa lafiya sai bayan minti 15 ko 20 ya fara sarƙewa, zafi ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a toshe. Duba da HWiNFO ko Core Temp. In furosesa tana wuce digiri 90, kashe, cire wuta, buɗe, hure ƙurar kana riƙe da fankar kada ta juya, sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Fito da injin daga cikin rufaffen kabad ɗin talabijin.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, wasu fayilolin Windows na iya lalacewa. A Terminal mai izinin Admin, fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, sannan sfc /scannow. Kuma duk wannan cire waya da mayarwa da ake yi wajen gwaji, a kashe soket tukuna, musamman a kan janareta ko a gidan da ba a yi wa wayar ƙasa ba. In ka taɓa bakin HDMI ka ji ɗan tsikari, to ramin yana cikin haɗari. Ramin da ya riga ya ƙone ba direban da zai tashe shi. Gwada shi da dikoda don ka tabbatar.

Idan fina-finan ne ba a gani

Kodi tana nuna hoton fim amma ta ce babu fayil? Harafin diskin waje ne ya sauya, E ya koma F. Buɗe diskmgmt.msc, danna diskin da dama, Change Drive Letter and Paths, mayar masa da tsohon harafinsa. In diskin yana yankewa a tsakiyar kallo, kashe USB selective suspend a Power Options, ka jona shi a ramin baya na injin, ba na gaba ba.

Masu jawo fim daga wata kwamfutar ko diskin da ke jikin rauta, su fara da mayar da hanyar sadarwar Private, domin sabuntawa takan mai da ita Public. Bugun 24H2 ya tsaurara: yana neman sa hannun SMB, wato hanyar da Windows ke raba fayiloli tsakanin na'urori, kuma Pro ba ya yarda da shiga a matsayin baƙo mara kalmar sirri. Gyara mai tsafta shi ne a buɗe suna da kalmar sirri a na'urar da ke riƙe da fina-finan, a ajiye su a Credential Manager. Tsohuwar rauta mai SMB1 kaɗai, gara a ciro diskin a jona kai tsaye, don ta wannan ƙofa cutar kwamfuta ta WannaCry ta yi ɓarna a 2017.

Faifan DVD kuwa, Windows ta daina kunna shi da kanta tun Windows 8. A VLC, Media, Open Disc. In faifan asali ne ya ƙi, duba yanki: Najeriya da Indiya yanki na 5 ne, Turai na 2, Amurka na 1, kuma sau 5 kawai na'urar ke yarda a saita mata yanki kafin ta kulle a kan na ƙarshe.

In duk an bi bai yi ba

Muddin wa'adin bai ƙare ba, Settings, System, Recovery, Go back. Jona kwamfutar a inbata ko UPS kafin ka fara, ka kwafe abin da ka ajiye bayan sabuntawa, ka kuma tabbata kana tuna tsohuwar kalmar sirrinka. In an kulle diskin da BitLocker, ciro mabuɗin farfaɗowa mai lamba 48 daga asusunka na Microsoft tukuna. Windows 10 ba ta daina kunna fim don tallafi ya ƙare ba. Kwamfutar da ba ta hawa intanet, ba a kuma yin harkar banki a kanta, za ta ci gaba da aikinta, sai dai a riƙa binciken kowane filashi kafin a buɗe.

Ga tsohon injin da Windows 11 ta fi ƙarfinsa, akwai LibreELEC, ƙaramin tsarin Linux da ba ya yin komai sai tashi kai tsaye cikin Kodi. Sauke bugun Generic, rubuta shi a filashi mai gigabayit 8 da manhajar da suke bayarwa, tayar da injin daga filashin: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Da rubutu ya bayyana a allo, rubuta live ka danna Enter, zai tashi ba tare da ya taɓa diskinka ba. Kunna fina-finan gwajin nan uku. In sun tafi sumul da murya ta HDMI, injin da waya da talabijin duk lafiyarsu ƙalau, matsalar a cikin Windows take. Mai katin Nvidia ya ɗauki bugun Generic-legacy. Kada ka zaɓi installer sai ka kwashe duk abin da ke kan diskin, domin share shi yake yi gaba ɗaya.